Abokin Darar Babana

Sallama a gare ku, masu bin labarina. Yau ba na cikin raha, wadda ta zo neman dariya ta yi haƙuri. Kullum kuna rubuto min cewa Safara'u baiwar Allah ce, Safara'u mai jinyar uba. To ku dakata da yabon nan tukuna, ku ji abin da na yi wa mahaifin nawa da yatsa ɗaya a kan waya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kunci da Watari, gidaje da gonaki a cakuɗe, in ka zagaya bayan danga sai ka taka gyaɗar maƙwabci. A ƙofar gidanmu akwai wata tsohuwar dalbejiya. Lokacin ina 'yar shekara sha ɗaya, wajen dubu biyu da tara, in aka sallame la'asar ba ka samun wurin tsugunawa a gindinta. Samari na gefe guda suna buga diraf a kan katako da marafan kwalbar lemo. Dattawa na gefe sun kewaye gurbin dara. Mu kuma 'yan mata muna cikin gida, mun baje a tabarma muna lido.

Allah sarki lidon nan! Yayana Basiru ya sayo shi a kasuwar Ɗanbatta, mai gilashi a sama, in ka kifa shi kuma maciji da tsani ne a baya. 'Ya'yansa sun ɓace tun watan farko, muka maye su da maɓallan riga. A murfin kwalbar turare muke kaɗa dayis, sai ka tofa masa iska ka yi masa kirari ko zai ba ka shida. Inna takan fito daga madafa da muciya a hannu tana faɗa, wai za mu sa tuwo ya kama, ƙarshenta ita ce za ta zauna ta ce a bar mata kore. In maciji ya haɗiye ta daga gidan casa'in da wani abu, har zuciya take yi da gaske. Ga dafaffiyar gyaɗa a kwano, kowa na ɗiba ba mai ƙirgawa. Wallahi a lokacin ban san ƙoshi wani abu ne da ake rasawa ba.

Amma sarkin wasa a gidanmu Baba ne, Malam Nababa. Ga waɗanda suka tashi a birni, dara ramuka talatin ce ake tonawa a ƙasa, mutum biyu kowa da 'ya'ya sha biyu, ɗaya da guntayen kara, ɗaya da tsakuwa. In ka jera uku ka ci, sai ka cire ɗan abokin wasanka guda. Baba kara yake riƙewa, kuma daga Kunci har Watari ba a samu wanda ya ci shi sau biyu a jere ba. Sai dai ba cin ne daɗin ba, bakin ne. Dara ba wasan shiru ba ce. Baba zai soka kara ya ce, "Tashi ka je ka tambayo matarka dabara!" wuri ya ɗauki ihu, wanda aka ci ya rama da abin da ya fi wannan. Daga cikin gida muke jiyo dariyarsa.

Duk wannan ya watse, ba a rana ɗaya ba. Taki ya fi ƙarfin talaka, gonar da aka raba wa magada ta koma kamar tabarma. Samarin diraf suka bi motar Kano, wasu Abuja, wasu Legas. Basiru yana can yana tura baro, sai ya yi wata biyu bai kira ba. Dattawan dara kuwa ɗaya bayan ɗaya muka ga an wuce da su a makara. Gilashin lidonmu Inna ta toshe tagar ɗakinta da shi. Shekara uku da suka wuce hawan jini ya kayar da Baba a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace. Da aka dawo da shi daga asibiti sai ya juya wa duniya baya, ya fuskanci bango. Wata huɗu cur, sai mun yi da gaske yake haɗiyar koko cokali uku.

A haka Muhammadu Sani ya same mu. Makaniken injin ban-ruwa ne a Watari, iyayensa daga ƙasar Zazzau suka zo noman rani suka zauna. Ranar ya zo gyara injin niƙan maƙwabcinmu Malam Dabo, mu kuma mun shimfiɗe Baba a zaure ya sha iska. Na fito da ruwa a kofin silba, ina sanye da hijabina ruwan toka wanda ya koɗe, sai na ji Malam Dabo yana cewa, "Bazazzagin nan ya iya aiki."

Baba da ya kwana biyu bai ce uffan ba, sai ya motsa. Da karkataccen bakin nan nasa ya ce, "Bawa ya shigo gari bai gai da ubangidansa ba."

Muhammadu Sani ya leƙo zauren, hannunsa duk baƙin mai, ya dubi Baba sama da ƙasa. "Wane ubangida? Bakanon da ko tashi ya gaishe ni ya kasa?"

Na rantse saura kaɗan in watsa masa ruwan nan. Sai na ji wani sauti da na manta da shi, Baba ne yake dariya, har da hawaye a idon da ke aiki. Kun san Kanawa da Zazzagawa abokan wasa ne, yaro ya tsokani tsoho ba laifi. Kafin magariba ya ciccibi Baba kamar buhun dusa ya jingina shi da dalbejiya, ya tona ramuka da sifana. Baba ya ci shi sau huɗu. Daren ranar Baba ya cinye tuwo malmala guda ya nemi ƙari.

Tun daga nan kullum bayan la'asar sai ga shi. Da a babur yake zuwa, da man fetur ya gagara ya koma keke, bai fasa ba. Kuma ba ya raga wa Baba ko kaɗan. In ya ci sai ya tafa hannu ya ce, "Na ci ka, tsoho! Kano ta faɗi!" Baba ya ce, "Ɗan baƙin mai, sake zubawa ka gani." Shekara biyu ana haka. Baba ya yi ƙiba, maganarsa ta fara fita, har yakan sa a yi masa aski ranar Juma'a.

Ni kuwa aikina kai kunun tsamiya. Tun ina ajiyewa in juya har na fara tsayawa ganin ƙarshen wasa. Ya karɓi lambata wai don in riƙa gaya masa in maganin Baba ya ƙare, tunda yana shiga Ɗanbatta. Saƙon farko magani ne. Na biyu ma magani ne. Na uku ya rubuto: "Kunun yau ya fi na jiya. Ko don kin tsaya ne?" Na karanta shi ya fi sau ashirin a bayan rumbu, wayar tana kukan caji. Ni da na kai ashirin da shida, na haƙura da zancen soyayya tun da jinya ta kori masu zuwa, sai ga ni ina goge atamfata da dutsen guga na gawayi don kai kunu ƙofar gida.

Wata takwas muna haka. Ya ce yana sona, na ce na ji. Ya ce ni zai aura, na ce Allah ya nuna mana. Amma maganar turo manya, shiru.

Gwaggo Kaltume, ƙanwar Baba, ita ta fara tayar da zancen. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita, kuma ba abin da ke wuce ta. Ta shigo ranar wata Talata muna gyaran tafasa, don bana a watan marka tafasa da ƙuli muke kwaɗawa da rana, tuwo sai dare in an samu. Ta zauna a turmi ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Hure," ta ce da Inna, "wai makaniken nan dara yake nema ko aure?"

Inna ta ce, "Yaya Kaltume, yaron kirki ne."

"Kirki ake ci? Fadima tawa da Safara'u ta goya, 'ya'yanta uku. Gari ya ɗauka, ana cewa kun ajiye budurwa tana kai wa saurayi kunu shekara biyu. Ga halin da ake ciki, ko baki ɗaya ne ya ragu a gidan nan ai an samu sauƙi." Ta juyo kaina. "Ke kuma kin zauna kina washe baki. In da gaske yake ya turo, in ba haka ba ya ba wasu wuri."

Wasu wa? Ba wasu. Amma maganar ta shige ni, musamman ta bakin nan da zai ragu, don na ga yadda Inna take rage nata kason ta ce ta ƙoshi. Da yamma bayan ya tafi na rubuta masa.

"Wai me kake jira ne? Ko wasa kake da ni kamar yadda kake da Baba?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can ya turo: "Safara'u, ranar da iyayena suka shigo zaurenku, ranar na zama suruki. Kin taɓa ganin suruki ya zauna tabarma ɗaya da uban matarsa yana ce masa na ci ka?"

Wallahi tunanin bai taɓa zuwa min ba. A garinmu suruki ko hanya ya hango uban matarsa sai ya cire takalmi, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi. Mijin Fadima shekara shida ke nan, har yau in ya zo gaida Gwaggo daga bakin ƙofa yake durƙusawa.

Na rubuta: "Ai zamani ya canza."

Ya ce: "A garinku? Ni kaina ba zan iya ba. Ki ba ni lokaci, ko Allah zai kawo wanda zai karɓe ni a wurin darar. Na tambayi Malam Dabo, ya ce idonsa ba ya ganin ramukan. In na tashi daga gurbin nan ba mai zama, kin kuma san yadda na same shi."

Ga inda nake so ku saurara da kyau, masu cewa ni baiwar Allah ce. Na gane abin da yake nufi sarai, ya yi min bayani dalla-dalla. Na kwana uku ina juya abin. Na tuna bangon nan da Baba ya fuskanta wata huɗu. Na kuma tuna shekaruna, da bakin Gwaggo, da yadda ƙawayena ke kirana Anti a gidan biki. Ranar Asabar da hantsi ina tsugune ina wanke zanin gadon Baba, hannuna duk kumfa, na goge yatsa a zani na rubuta masa: "Na gaji. In Juma'a mai zuwa ba su zo ba, kada ka ƙara nemana." Na tura, na ci gaba da wankina.

Amsarsa kalma biyu ce: "To, shikenan."

Ranar Alhamis ya zo dara kamar kullum. Na tsaya a soro ina leƙe. Ya ci Baba sau ɗaya, ya cire karan a hankali bai ce komai ba.

"Yau bakin naka fa?" in ji Baba. "Ko yunwar Zariya ce ta kama ka?"

"Ba komai, tsoho."

"To ka ce ka ci ni mana. Ci ba magana ai sata ce."

Ya ɗago ya yi murmushin dole. "Na ci ka, tsoho." Muryarsa ba ta fita sosai ba. Ya zauna har aka kira magariba, abin da bai saba ba, sannan ya ɗauki Baba ya kai shi har kan gado.

Juma'a bayan an sauko masallaci baffanninsa biyu suka zo da goro da alewa. Aka sa wa Baba farar rigarsa ta Sallah da hula zanna, aka jingina shi da filo a zaure. Ni ina ɗakin Inna a lokacin. Malam Dabo ne ya ba mu labari daga baya. Ya ce da suka faɗi abin da ya kawo su, Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, har suka fara tsarguwa. Sannan ya ce, "Na ba shi. Da ina da biyu ma da na ba shi." Aka shafa fatiha, aka sa rana bayan an girbe dawa. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Ni ma na yi murna, kada in yi muku ƙarya, har na kasa cin abinci.

Washegari da la'asar Baba ya ce a fitar da shi. Ni da Inna muka kama shi muka kai gindin dalbejiya. Ruwan dare ya cike ramukan, ya sa hannunsa mai lafiya ya sake tone su ɗaya bayan ɗaya, duka talatin. Ya jera karansa, ya tara tsakuwar a ɗaya gefen. Gwaggo tana ƙofar gidanta tana tsinkar zogale, Malam Dabo na kan benci, ga mata masu dawowa daga rijiya.

Sai ga keken Muhammadu Sani. Tun daga wajen rumbun Malam Dabo ya sauka. Ya sa sabon yadi ruwan ƙasa, ya wanke hannun nan tas. Ya jingina keken, ya cire takalmi, ya tako ya durƙusa nesa da tabarmar, kansa a ƙasa.

"Barka da yamma, Baba."

Bai taɓa kiransa Baba ba.

Baba ya nuna masa tsakuwar. "Bazazzagi, matso in ci ka."

Muhammadu Sani bai matsa daga inda ya durƙusa ba.

"Ɗan baƙin mai, da kai nake."

Gwaggo ta ce, "Haba Yaya! Surukinka ne fa yanzu. So kake a yi da mu a gari?"

Baba ya dube ta, ya dubi Muhammadu Sani da ke durƙushe, ya dubi ramukan. Ya ce, "Af. Haka ne fa." Sai ya gyara murya irin ta manya ya ce, "Lafiya lau. Ya mutanen gida? Madalla. A gaishe su." Muhammadu Sani ya tashi da baya da baya ya ɗauki takalminsa. Baba ya ce mu mai da shi ciki, sanyi yake ji.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na je har Kunci wurin wani tsoho da aka ce yana dara, na tarar ya koma wurin ɗansa a Kano. Na roƙi Muntaka mai shago, ya ce shi a waya yake lidonsa, bai san kan dara ba. Ƙarshe na share ƙasan ɗakin Baba na tona ramuka da cokali, na ce ya koya min. Ya yi min wasa ɗaya don kada in ji kunya. Da ya jera uku ya cire tsakuwata, sai bakina ya ce, "Sannu Baba."

Ya ajiye karan. "Kin ji ko? In ci ki, ki ce min sannu. Wannan ba dara ba ce, Safara'u, jinya ce. Share wurin."

Yau kwana goma sha tara. Ya koma fuskantar bango. Koko cokali biyu, wani lokacin uku in Inna ta yi kuka. Maganar da ta fara fita ta koma ciki. Muhammadu Sani yana zuwa duk bayan kwana biyu, ya durƙusa a bakin zaure ya ba da magani ko 'yar tsarabar tumatir, ya tafi. Ya rame shi ma. Gwaggo kuwa cewa take jikin tsufa ne, a ci gaba da addu'a, ta kuma fara zancen ankon biki, atamfa mai ganye-ganye ta zaɓa.

Jiya da azahar na kasa daurewa. Na zauna a bayan rumbu na rubuta masa: "Na fasa. Ka turo a karɓi kayanku. Ka dawo ka zama Bazazzaginsa, ni na haƙura da auren."

Na ɗauka na yi abin kirki, har wani sanyi na ji a raina. Bai fi minti biyar ba ya amsa.

"Ko kin fasa ba zai gyaru ba. Na riga na durƙusa masa a gaban mutane, na kira shi Baba, ya amsa min da muryar suruki. Jiya na gwada faɗin na ci ka tsoho ni kaɗai a kan keke, bakina ya ƙi. Shi ma ba zai ƙara ce min bawa ba. Kada ki sa ya yi asara biyu."

Na kifa wayar a cinya na yi kuka mai isata, a hankali don kada Inna ta ji. Sannan na wanke fuska, na dama kunu da ɗan sukarin da ya rage, na shiga ɗakin Baba. Yana kwance yadda na bar shi, ƙashin kafaɗarsa ya fito ta cikin riga.

"Baba, ga kunu."

Bai juyo ba. Na ɗauka barci yake, sai na ji ya ce, "Safara'u."

"Na'am, Baba."

"Yaushe aka ce bikin?"

"Bayan an girbe dawa."

Da ya sake magana kalmomin sun fita tar, yadda ban ji su ba tun kafin ya faɗi.

"Dawa ta yi nisa. Ki gaya wa Kaltume a matso da shi, da an yanke gero a ɗaura. Ina so in ba da ke da bakina, kuma ba na so zaman makoki ya ɓata miki biki."

Geron garinmu saura sati uku a yanke. Ina riƙe da kofin, na buɗe baki in ce masa ya daina irin wannan magana, in ce masa ni na tura saƙon, ni na jawo. Abin da ya fito kawai shi ne, "To, Baba."